Tambayoyi da Amsoshi: Me Ya Haɗa Jiƙuwar Ƙarfe da Tafasar Ruwa?

Kowa ya taɓa ɗora ruwa a wuta, shi ya sa ake ganin kamar babu abin tambaya a tafasa. Amma duk shekarar da muka zo wannan babi da ɗalibai, tambayoyin nan ne suke dawowa, kusan a jere ɗaya. Na tattara su a nan na amsa su yadda zan yi wa ƙanena bayani, ba tare da tulin lissafi ba. Awon zafi duka a ma'aunin Salsiyas yake, ruwan kuma a buɗaɗɗiyar tukunya, sai inda na ce ba haka ba.

Me ake nufi da jiƙuwa? Ba duk abin da ruwa ya taɓa yake jiƙawa ba?

Samo ganyen gwaza ka ɗiga masa ruwa. Ɗigon zai dunƙule kamar dutsen wuya, kana karkata ganyen ya gangara ya bar shi a bushe ƙamas. Sai ka ɗiga irinsa a kan gilashin da aka wanke tas aka ɗauraye. Nan zai baje ya kwanta, ka rasa inda bakinsa ya tsaya. Ruwan ɗaya ne, fuskar da ya sauka a kai ce ta bambanta.

Ana auna wannan hali da kusurwa. A kalli ɗigon ta gefe, a duba kusurwar da bakinsa ya yi da fuskar, a auna ta ta cikin ruwan. Thomas Young ɗan Ingila ne ya bayyana dokarta a 1805. In kusurwar ta gaza 90, fuskar mai son ruwa ce. In ta haura 90, mai ƙin ruwa ce. Teflon, baƙin shafen nan na kaskon suya da ba ya kama abinci, yana wajen 110. Ganyen gwaza yana kaiwa 150 ko fiye. Tsabtataccen gilashi kuwa yana can ƙasa kusa da sifili.

Abu biyu ne suke yanke hukunci: sinadarin da ke saman fuskar, da kaushinta. Robert Wenzel ya nuna a 1936 cewa kaushi gishiri yake ƙara wa halin da ya tarar, mai so ya ƙara so, mai ƙi ya ƙara ƙi. A 1944 wasu masu binciken ulu a birnin Lids, Cassie da Baxter, suka bayyana yadda ɗigo yake zama a kan iskar da ta maƙale tsakanin ƙananan tsinin fuska, ba ya ma taɓa ƙasan. Sirrin ganyen gwaza ke nan.

To ina ruwan wannan da tafasa? Ba digiri 100 ne magana ba?

A digiri 100 ruwa yake samun damar zama tururi. Samun dama daban, samun ƙofa daban.

Ruwa yana da wata irin fata a duk inda ya haɗu da iska ko tururi, ita ce take iya riƙe allura a saman ruwa. Wannan fata tana matse kumfar tururi yadda roba take matse iskar balan-balan, kuma wanda ya taɓa hura balan-balan ya san farkon hurawar ya fi wuya. Iya ƙanƙantar kumfa, iya tsananin matsin da ke kanta. Kumfar da za ta fara daga babu a tsakiyar ruwa ƙanƙantarta ta wuce misali, don haka zafin da take buƙata ma ya wuce misali. Ruwa mai tsabta ƙwarai, in aka hana shi duk wata kafa, yana iya kusantar digiri 300 bai tafasa ba.

Abin da ya sa tukunyarka ba ta jiran 300 shi ne gindinta ba sumul yake ba. Cike yake da ƙananan ramuka da ƙarzuwar soson ƙarfe, waɗanda ido ba ya gani. Lokacin da ka zuba ruwa, iska takan maƙale a wasunsu. Wannan 'yar iska ita ce irin shuka: tururi ya shiga cikinta, ta kumbura, ta tashi, ta bar ragowa a ramin don ta gaba. Zuba ido a gindin tukunya in ta fara tafasa, za ka ga kumfa tana fitowa a jere daga wuri ɗaya kamar tururuwa daga rami.

A nan jiƙuwa ta shigo. In fuskar mai son ruwa ce, ruwan yana kutsawa cikin ramukan ya kori iskar ya cike su, ramin da ya cika da ruwa kuwa ya mutu, ba zai haifi kumfa ba sai ƙarfen ya ƙara zafi sosai. In mai ƙin ruwa ce, ruwa yana tsayawa a bakin rami ya ƙi shiga, ramukan su zauna da rai. Wang da Vijay Dhir sun ƙirga wannan a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjales a 1993. Sun riƙa gasa jan ƙarfe yana yin ɓawo, kusurwarsa tana sauka, suka ga yawan ramukan da ke haihuwar kumfa yana raguwa matuƙa, alhali ramukan suna nan ba su je ko'ina ba.

Tazarar da ke tsakanin zafin ƙarfen da zafin tafasar ruwan ita zan riƙa kira rarar zafi. Fuska mai ƙin ruwa tana fara kumfa da rarar digiri ɗaya zuwa uku. Mai son ruwa, in sumul ce, tana iya neman goma ko fiye.

Kumfar da take mannewa a jikin tukunya tun ruwa bai yi zafi ba fa? Da kukan da butar shayi take yi?

Ta farkon iska ce da ta narke a ruwa, zafi ya koro ta. Kukan kuwa tafasa ce ta gaske, amma a gindi kawai. Kumfar tururi tana tashi, ta haɗu da ruwan sama da bai kai ba, ta rushe nan take, ƙarar rushewar dubbansu ce kake ji. Shi ya sa gogaggen mai shayi ba ya buɗe murfi. In buta ta rage kuka ta koma gurnani, ya san ruwa ya yi.

Me ya sa injiniyoyi suka damu da tafasa haka?

Saboda babu hanya mai arha da ta kai ta kwashe zafi. Ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa daga 0 zuwa 100 yana cin kilojul 418 ko kusa da haka. Mayar da wannan litar tururi, ba tare da zafinta ya ƙaru ko da digiri ɗaya ba, yana cin wajen 2,257. Fiye da ninki biyar. Kowace kumfa ɗan dako ce da ta ɗauki kaya mai nauyi ta tafi, tana tashi kuma tana dama ruwan, sabo ya gangaro ya maye gurbinta.

Akwai wani abu da ba a gani sai da na'ura. A fuska mai son ruwa, kumfa tana girma da sauri har ta bar siririn shimfiɗen ruwa a ƙarƙashinta, wanda bai kai kaurin gashi ba. Wannan shimfiɗe yana ƙafewa cikin ƙiftawar ido, yana zuƙe zafi mai yawa daga ƙarfen. Kumfar tana tsaye kamar ƙwallo, da ƙyar take taɓa ƙasa, tana tashi ruwa ya rufe wurin. A fuska mai ƙin ruwa gindin kumfa yana bajewa, ƙarƙashinta a bushe, in ta tashi wuyanta ne yake tsinkewa ta bar hular tururi a manne. Tun 1935 Fritz na Jamus ya rubuta lissafin da ke cewa girman kumfa lokacin tashinta yana ƙaruwa da ƙaruwar kusurwa.

Ke nan mai ƙin ruwa ta fi, tunda tana fara tafasa da wuri?

Ta fi a farkon tafiya. Matsalar tana ƙarshe, kuma ba za a fahimce ta ba sai an ji labarin Shiro Nukiyama.

Malami ne a Jami'ar Tohoku da ke Sendai a Jafan. A 1934 ya wallafa sakamakon wani gwaji mai sauƙi: ya miƙe siririyar wayar nikrom, irin ta cikin rishon lantarki, a cikin ruwan da ke bakin tafasa, ya riƙa ƙara mata wuta kaɗan-kaɗan yana auna zafinta. Da farko abin daɗi: yana ninka wutar, zafin wayar yana ƙaruwa da 'yan digirori kawai, kumfa tana kwashe sauran. Can sai ya ƙara kaɗan, wayar ta yi ja ta narke, a tsakiyar ruwa. Ya sauya da filatinam mai jure zafi. Ita ba ta narke ba, amma zafinta ya yi tsalle ya haura digiri 1,000, tana haske a ƙarƙashin ruwa. Da ya fara rage wutar kuma ba ta dawo ta hanyar da ta bi ba, sai da ya rage sosai kafin tafasar kumfa ta dawo. Da Jafananci ya rubuta takardar, ba a buga fassararta ta Ingilishi ba sai 1966.

Abin da ya faru shi ne kumfa ta yi yawa har ta haɗe ta zama bargon tururi tsakanin ƙarfe da ruwa. Tururi kuwa mugun malalaci ne wajen wuce da zafi, ruwa ya fi shi sama da sau 20. Wuta tana shigowa, ba ta da mafita, sai ƙarfe ya sha. Wannan iyaka ita nake kira maƙurar tafasa, injiniyoyi suna taƙaita sunanta da haruffa uku, CHF. Ga ruwa a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe na yau da kullum, tana wajen wat 110 a kowane murabba'in santimita, lokacin da rarar zafi ta kusa digiri 30.

Fuska mai ƙin ruwa tana gayyatar wannan bargo tun lokaci bai yi ba. Gindin kowace kumfa yana bajewa ya haɗu da na maƙwabciya, busasshen wuri ya faɗaɗa, ruwa kuma ba ya marmarin komawa. Yasuyuki Takata da abokan aikinsa a Jami'ar Kyushu sun gwada fuska mai tsananin ƙin ruwa, suka ga bargon ya rufe ta tun rarar zafi tana 'yar kaɗan, kusan ba ta yi tafasar kumfa ba sam. Su ne kuma suka shafa wa ƙarfe sinadarin titaniyam, irin farar hodar da ake sa wa fenti, wanda in aka haska masa hasken UV, irin wanda ido ba ya gani a cikin hasken rana, yake zama mai tsananin son ruwa. Maƙurar tafasarsa ta kusa ninka ta wanda ba a shafa wa ba.

Mai ƙi tana da saurin tashi da saurin sarewa. Mai so tana da nauyin jiki da juriya. In abin da kake sanyayawa zai iya narkewa, juriyar kake nema.

Wannan bargo shi ne abin da ke sa ɗigon ruwa rawa a kan kasko mai zafi?

Shi ne. Johann Gottlob Leidenfrost, likita a garin Duisburg na Jamus, ya bayyana shi a 1756 bayan ya riƙa ɗiga ruwa a cokalin ƙarfen da ya gasa. In kasko yana da matsakaicin zafi, ɗigo yana yin tsuwwa ya ƙafe nan da nan. In ya kai wajen digiri 200, ɗigon yana hawa kan tururin kansa ya yi ta yawo, ya daɗe bai ƙare ba. Mai guga da ke lasar yatsa ya taɓa gindin dutsen guga ya janye, ruwan yatsan da tururinsa ne suke kare shi na ɗan wannan lokaci. Kada dai a gwada daɗewa.

Zafin da rawar take farawa ma ya danganta da fuskar. Mai son ruwa, musamman mai kaushi, tana janyo ɗigon ƙasa ya taɓa ta, sai an ƙara zafi sosai kafin ya tashi. A 2012 Ivan Vakarelski da abokansa, daga Jami'ar Sarki Abdallah ta Kimiyya da Fasaha da ke arewa da Jidda, sun wallafa akasin haka a mujallar Nature. Sun shafa wa ƙwallayen ƙarfe abin ƙin ruwa mai tsanani, suka gasa su suka tsoma a ruwa. Bargon tururin ya zauna lafiya har ƙwallon ya huce, babu fashewar kumfar da aka saba gani.

In jiƙuwa tana da wannan tasiri, me ya sa lissafin da ke littattafanmu bai ambace ta ba?

Tambayar ɗalibi mai lura ke nan. Lissafin maƙurar tafasa da aka fi koyarwa na Samson Kutateladze ne na Tarayyar Sobiyat, daga 1948, da na Novak Zuber daga 1959. Dukansu halayen ruwa da tururi da nauyin duniya kawai suka duba. A ganinsu cunkoso ne: tururi yana son hawa, ruwa yana son sauka, hanya ta toshe. Fuskar ƙarfe ba ta cikin maganar. Warren Rohsenow na jami'ar MIT ta Amurka, a lissafinsa na tafasar kumfa na 1952, ya san fuskar tana da tasiri, sai ya ware lamba guda da ake ɗauko ta daga jadawali bisa irin ruwa da irin ƙarfe. Wato ya tara duk abin da ba a gane ba ya ɗaure a ƙulli ɗaya.

Liaw da Dhir sun nuna a 1989 cewa maƙurar tana hawa yayin da kusurwa take sauka. A 2001 Satish Kandlikar na Rochesta ya fito da lissafin da ya sa kusurwa a ciki. Tsofaffin lissafan ba ƙarya suka yi ba, suna aiki daidai gwargwado ga ƙarfen da ruwa yake jiƙawa sosai. Amfani da su ido rufe a kan kowace fuska ne kuskure.

Na ji an ce zuba wata hoda a ruwa yana ƙara masa ƙarfin sanyayawa. Gaskiya ne?

Labarin nan ina son sa. A 2003 wasu masu bincike a Jami'ar Tekzas da ke Alinton, ƙarƙashin S. M. You, suka zuba ɗan mitsitsin garin alumina mai tsananin laushi a ruwa, suka ga maƙurar tafasa ta kusa ninkawa sau uku. Duniyar masana ta ɗauka, kowa yana neman sirrin da ke cikin ruwan.

Ashe sirrin ba a ruwan yake ba. Cikin 'yan shekaru, rukunin Jacopo Buongiorno a MIT da wani rukuni a Fohang ta Koriya ta Kudu suka duba ƙarfen bayan gwaji, suka tarar garin ya kwanta a kansa ya yi ɓawo mai ƙofofi, mai tsananin son ruwa. Na Koriya suka ɗauki wayar da ta yi ɓawon suka sa a tsurar ruwa mara hoda, ribar ta ci gaba da fitowa. Ana neman ɓarawo a kasuwa, yana cikin gida.

To auna kusurwa kawai ya isa a san halin fuska?

Bai isa ba, kuma nan ne nake ganin ake yawan yin tuntuɓe. Gasa ƙarfe ko shafa masa wani abu ba kusurwa kaɗai yake sauyawa ba, yana sauya kaushi, yana kuma buɗe ƙofofi. Wanne ne a ciki ya kawo ribar? A 2013 Harry O'Hanley da abokansa a MIT suka raba ukun, suka gwada kowanne shi kaɗai. A kan fuska sumul mara ƙofofi, sauya son ruwa kaɗai bai taka wata rawar kirki ba. Da aka haɗa son ruwa da ƙofofi, maƙurar ta ƙaru da kashi 50 zuwa 60 cikin 100. Da aka haɗa ƙofofi da ƙin ruwa kuwa, ta zube da kusan kashi 97.

Abin da ke aiki shi ne tsotso. Dubi lagwanin fitila yadda yake jan kananzir sama, ko sabuwar tukunyar ƙasa yadda take shanye ɗigon ruwa kana kallo. Fuskar da take haka, in busasshen wuri ya buɗe ƙarƙashin kumfa, tana janyo ruwa ta ƙarƙashi daga gefe ta jiƙa shi kafin ya faɗaɗa. Fuskoki biyu suna iya nuna kusurwa kusa da sifili, ɗaya ta fi ɗaya juriya nesa ba kusa ba, saboda saurin tsotsonsu ba ɗaya ba ne. Shi ya sa yanzu masu bincike da yawa saurin shanye ruwa suke aunawa.

Ba za a iya haɗa alherin biyun a wuri ɗaya ba?

An daɗe da tunanin. Tun 1964 Young da Hummel suka yayyafa ɗigo-ɗigon Teflon a kan ƙarfe mara tsatsa, suka ga tafasa ta inganta. A 2010 Amy Betz da Daniel Attinger da abokansu a Jami'ar Kolambiya suka tsara abin a kan silikon: fili mai son ruwa, an dasa masa ƙananan tsibirai masu ƙin ruwa. Tsibiran suna haifar kumfa da wuri, gindin kumfa yana bajewa iya bakin tsibiri ya tsaya, filin da ke kewaye yana kawo ruwa. Sun ba da rahoton ƙarin kashi 65 cikin 100 a maƙurar tafasa, ingancin wucewar zafi kuma ya kai ninki biyu. In aka juya tsarin, fili mai ƙi da tsibirai masu so, ba a samun wannan riba, don busassun wurare suna da hanyar haɗewa.

A kicin fa? Tukunyar Teflon za ta riga ta alminiyam tafasa ruwa?

Za ta riga ta nuna kumfa. Shinkafarki ba za ta riga dahuwa ba.

Mu yi lissafi. A ce risho yana shigar da wat 1,500 cikin tukunya mai faɗin santimita 20. Gindinta murabba'in santimita 314 ne, wato wat 5 bai cika ba a kowanne. Maƙurar tana wajen 110. Tukunyar girki ba ta ko hango ta ba. Lita ɗaya kuma daga digiri 30 zuwa 100 tana buƙatar kilojul 293, ko a wace irin tukunya. Bambancin 'yan digirori a gindi ba komai ba ne a gaban harshen wutar gas da ya haura 1,000. Asarar tana waje, inda iska take kwashe wuta, da sama, inda tururi yake gudu. Murfi da kare wuta daga iska sun fi kowane shafe amfani. In kuma a Jos kike, inda tudu ya kai wajen mita 1,200, ruwanki a kusan digiri 96 yake tafasa, wake zai ɗan ƙara jan lokaci, ba laifin tukunya ba ne.

Me ya sa ruwan da aka ɗumama a maikurowef yake iya yin ambaliya a fuskar mutum?

Kofin gilashi ko tangaran sumul ne, ruwa yana jiƙa shi sosai, ramukansa kaɗan ne kuma a cike. Na'urar kuma ruwan take zafafawa kai tsaye. Sai ya wuce 100 shiru babu kumfa. Kana jefa sukari ko ganyen shayi ka ba shi dubban ƙofofi lokaci guda. Ruwan da aka taɓa tafasawa ya fi haɗari, don iskarsa ta riga ta fita. A bar kofin ya ɗan zauna kafin a ɗauko, kada kuma a leƙa shi.

Maƙera suna da abin ɗauka a nan?

Sun riga mu sani, da hannu. Ƙarfen da ya yi ja in aka tsoma shi a ruwa, ta baya yake bin hanyar Nukiyama. Farko bargon tururi ya rufe shi, yana hucewa a hankali. Sai bargon ya yage, tafasa mai ƙarfi ta kama, nan ne yake hucewa da gudu. Daga nan ruwa ya ƙarasa a natse. In bargon ya yage a wani gefe ya daɗe a wani, wuƙa takan karkace, ko ta tsage, ko wani wuri ya yi tauri wani ya yi laushi. Shi ya sa maƙeri ba ya tsoma ƙarfe ya tsaya, kaɗa shi yake yi. Ruwan gishiri yana yaga bargon da wuri, don haka ya fi tsurar ruwa kaifi. Mai kuwa ya fi su sanyin hali.

An ce yanzu ana tsoma kwamfuta cikin ruwa tana tafasa shi?

Ba ruwan sha ba, wani ruwan sinadari ne da lantarki ba ya bi. A 2021 Microsoft ya nuna irin wannan a cibiyarsa ta Kwinsi a jihar Washintan, da ruwan da ke tafasa a digiri 50. Wani sananne a ɗakunan gwaji, FC-72 na kamfanin 3M, a 56 yake tafasa.

Matsalar irin waɗannan ruwaye ita ce sun cika son kowa. Fatarsu ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin fatar ruwa ba, suna jiƙa kusan komai, har Teflon, suna cike duk ramin da suka samu. Sai na'ura ta yi ta ɗaukar zafi, rarar ta kai digiri 20 ko 30, kafin kumfar farko ta fito, sannan zafin ya faɗo gaba ɗaya. Kayan lantarki ba sa son irin wannan tsalle. Maƙurarsu ma ƙarama ce, wajen wat 15 a fuska sumul. Tunda ba a iya sa su ƙin fuska, sai aka koma ga siffar rami. Ana yin ramuka masu ƙaramin baki da faɗin ciki kamar tulu, waɗanda ruwa ba ya iya korar tururin cikinsu, ko a manna garin jan ƙarfe ya zama soso. Wata damuwar kuma daban ce: yawancin waɗannan ruwaye dangin sinadaran PFAS ne da ba sa ruɓewa, kuma a Disamban 2022 3M ya sanar zai daina yin su zuwa ƙarshen 2025.

In ribar ta kai haka, me ya hana a shafe bututun kowace tashar lantarki da waɗannan fuskoki?

Daɗewa. Gwajin ɗaki awa kaɗan ne, a kan guntun da bai fi farcen babban yatsa ba, da ruwan da aka tace tas. Tukunyar tururi ta tasha irin Egbin da ke Ikorodu, ko ta kwal da ke Anu Araren a Nijar, shekaru ake so ta yi tana aiki. A tashar nukiliya mai matsattsen ruwa, inda matsin ya ninka na iska kusan sau 155, ba a amincewa da komai sai an tabbatar da halinsa na shekaru, don a can tazarar da ke tsakanin aiki da maƙurar tafasa tana cikin abin da hukuma take sa wa ido. Shafen ƙin ruwa siriri ne, yana ɓarewa, kuma amfaninsa ya dogara da iskar da ta maƙale, wadda take narkewa a hankali in ruwan an cire masa iska. Ƙofofin tsotso kuma datti da gishirin ruwa suna toshe su. Dubi farin ɓawon da ruwan rijiya yake bari a jikin hita. Yana son ruwa ƙwarai, amma in ya yi kauri ya zama katanga, zafi ya taru a ciki hitar ta ƙone. Abin da ya samu shiga masana'antu shi ne wanda aka sassaƙa a jikin ƙarfen kansa, kamar bututun Thermoexcel na Hitachi masu ramuka a ƙarƙashin fata, da ake sa wa manyan injinan sanyi.

Ko a ɗakin gwaji ma fuska ba ta zama yadda aka bar ta. Ƙarfe mai tsabtar gaske yana son ruwa, amma iskar ɗaki tana ɗauke da ɓurɓushin maiƙo da ke sauka a kansa, cikin kwanaki kusurwarsa ta hau. Wani ɗalibina ya taɓa goge guntun jan ƙarfe ranar Alhamis, ya ɗiga ruwa ya baje, ya rubuta. Ranar Litinin ya zo ya tafasa, sakamakon ya ƙi dacewa da abin da muke tsammani. Muka yi ta zargin na'urar awon zafi, har muka kwance ta muka mayar. Sai da na ce ya sake ɗiga ruwa a kan guntun. Ɗigon ya tsaya ƙerere kamar rabin ƙwallo, kuma da muka karkata shi ga hasken taga, ga shatin babban yatsa nan ɓaro-ɓaro a gefe ɗaya. Ya ɗan sosa ƙeya ya ce da safen ya tsaya wajen mai ƙosai. Tun daga ranar, a littafin gwajinmu akwai gurbi biyu na kusurwa, ɗaya kafin tafasa ɗaya bayanta, kowanne da kwanan wata da ƙarfe nawa, kwalin safar hannu kuma a bakin ƙofa yake zama.